Tseren Keke a Kano: A Rufe Titi Ko a Sauya Salon Gasar

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo da ƙimarsa a Kano. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ma'aikacin da babur ya fi ƙarfin aljihunsa, da ɗalibin da kuɗin adaidaita sahu ya gagara, da yaron shagon da ke tasowa daga Kurna ko Gama zuwa Kasuwar Sabon Gari kullum safiya, da yawansu sun koma taka feda. Garin da ma ba baƙon keke ba ne. A nan kamfanin Raleigh ya kafa masana'antarsa, kuma dattawan Fagge ba su manta zamanin keken haya ba, lokacin da yaro ke biyan kwabbai don ya koyi hawa a lungu.

Inda kuwa keke ya yawaita a hannun samari, tsere na nan tafe. Biyu suka jera a titi, sai ɗaya ya ce, “Abokina, mu ga wanda zai riga kaiwa shataletale.” Daga nan ake samun ƙungiyar hawan safiya, daga ƙungiya a samu mai cewa a sa kofi, daga kofi a nemi wani mai hali ko ɗan siyasa ya ɗauki nauyi. Wayar hannu ta ƙara wa abin armashi. Matashin da ya ga Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a gasar Tour de France ta 2024, ko ya ga Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a wannan shekarar, yana da hujjar ya ce shi ma zai iya. Kuma zai iya ɗin.

Abin da bai kamata Kano ta lamunta ba shi ne a tara matasa hamsin ko ɗari a kan titin da motoci ke bi, a busa usur su tashi gaba ɗaya, a sa babura biyu a gaba suna danna hon, sannan a kira wannan tsaro. Ko dai a rufe titin ruf, ko a sauya salon gasar ya dace da titin da ake da shi. Hanya ta uku, wato a hana tseren kwata-kwata, ita ce mafi sauƙi ga hukuma, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani.

Sai an san yadda ayarin 'yan tsere ke tafiya kafin a gane girman haɗarin. Babban abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ya fake a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa suke curewa wuri guda, tsakanin tayar gaban wannan da tayar bayan wancan bai wuce taƙi biyu ba. A gudun kilomita 40 cikin sa'a, ayarin na cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Na tsakiya ba ya ganin titi, bayan na gabansa kawai yake gani. Idan na farko ya matse birki don akuya ta gilma, kafin na biyar ya ankara ya riga ya hau kansa, na goma kuma ya kauce ya faɗa hannun motoci masu tahowa. Ƙwararru kan shafe shekaru suna koyon wannan tafiya. A gasar 'yan sha'awa kuwa, ana haɗa wanda ya shekara goma yana hawa da wanda ya sayi keke watan jiya, ga kuma kyautar kuɗi a gaba tana hana kowa sassautawa.

To a ɗora wannan ayari a kan titunan da suka kewaye Kasuwar Sabon Gari, wadda hukuma ke kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi. Turawan mulkin mallaka sun yanka Sabon Gari a wajajen 1913 da miƙaƙƙun layuka masu ratsa juna, shi ya sa a taswira unguwar ke ba mai shirya gasa sha'awa. A ƙasa kuwa wannan tsarin shi ne aibinta: duk 'yan taku kaɗan akwai mahaɗa, kowace mahaɗa kuma ƙofa ce da wani abu zai ɓullo. Daga Bata zuwa Yankura, ko a France Road da Igbo Road, masu kasa kaya sun cinye gefen titi. Ɗan baro na turo katan-katan da suka fi shi tsawo, ba ya ganin gabansa. Ɗan ga-ruwa na tsallakawa da kura cike da jarkoki, wadda ba ta da birki sai ƙarfin damtsensa. A-kori-kura ta tsaya sauke kaya inda ta samu fili. Ɗan adaidaita sahu, wanda ya gaji fasinjan ɗan acaɓa tun da gwamnati ta hana acaɓa a Janairun 2013, idonsa na bakin titi. Da an ɗaga masa hannu zai yanke ya tsaya, ko ya juya a tsakiyar hanya. Ga yashi a bakin kwalta, wanda siririyar tayar keken tsere ba ta jure shi a kan kwana, ga magudanan ruwa a buɗe.

A ce an tsayar da yaro ɗaya riƙe da jan ƙyalle a irin wannan mahaɗa. Ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, don Allah dakata, 'yan tsere na tafe.” Direban ya leƙa ya hango su can nesa, ya ce, “Ƙanena, yanzu zan wuce,” ya kutsa. Nesan da ya gani mita ɗari ce, mita ɗari kuwa daƙiƙa tara ce. Yaron ba ɗan sanda ba ne, ba jami'in hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA ba ne, ba shi da ikon tsare kowa, kuma babu wanda ya sanar da direban tun jiya cewa za a yi wani abu a titin da yake neman abincinsa. Masu cewa a yi ranar Lahadi da safe tunda shaguna da yawa a rufe suke, sun manta cewa a Sabon Gari wannan ne lokacin da iyalai ke tururuwa zuwa coci da ƙananan yara riƙe a hannu.

Fita bayan gari ma ba ta raba gardama. Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne, tazarar da ta yi daidai da gasar 'yan sha'awa, amma hanya ce ta tirela da tanka da tifa da motocin haya masu nufar Bauchi da Maiduguri. Ayarin da ya tashi a cure, bayan kilomita goma ya tsinke gida-gida. Motar rakiya na tare da na gaba, na baya kuma, waɗanda su ne masu ƙaramin ƙarfi da ƙarancin ƙwarewa, an bar su su kaɗai tsakanin manyan motoci. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna sama da mutum 5,000 ne suka rasu a hanyoyin Najeriya a 2023, haka ma a 2024. Ko muƙami ba ya kare mai keke a ƙasar nan: a 2001 wata bas ta banke Ministan Sufuri Ojo Maduekwe, mai kiran jama'a su koma keke, ta jefa shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyarsa ta zuwa aiki.

Waɗanda suka fi kowa kuɗi da 'yan sanda da jirage masu saukar ungulu ma sun binne 'yan wasansu, kuma kowace mutuwa ta bar darasin da ya shafi Kano kai tsaye. Andrei Kivilev na Kazakistan ya faɗi a gasar Paris zuwa Nice a watan Maris na 2003 babu hular kwano a kansa, ya rasu; cikin 'yan makonni hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta wajabta hular ga ƙwararru. Antoine Demoitié na Beljiyam ya faɗi a 2016, kuma abin da ya taka shi ba motar wani baƙo ba ce, babur ne daga cikin masu rakiyar gasar. Duk wanda ya ga yadda samari ke bin 'yan tsere a kan babura, ɗaya na tuƙi ɗaya na ɗaukar bidiyo da waya, ya san wannan ba labarin Turai kaɗai ba ne. A Satumbar 2024, Muriel Furrer, 'yar shekara 18, ta faɗa cikin daji a gasar duniya da aka yi a Zurik ta Suwizalan, ta kwanta fiye da sa'a guda ba wanda ya san ta faɗi, washegari ta rasu. A Fabrairun 2025 kuma, ƙungiyoyi da dama sun janye daga gasar Étoile de Bessèges a Faransa ana tsakiyarta, saboda motoci sun yi ta shigowa hanyar 'yan tsere. In Faransa ta gaza tsare kowace mahaɗa a doguwar hanya, ƙungiyar matasa mai 'yan sa-kai goma ba za ta iya tsare hanyar Wudil ba.

Wannan ne ke sa hukuma saurin cewa a hana. 'Yan sandan Kano sun sha fitar da sanarwar hana kilisa da tseren mota a kan titi, musamman lokacin Sallah, kuma suna da dalilinsu. Sai dai yawan maimaita sanarwar ya isa ya nuna cewa hani ba ya kashe sha'awa, sauya mata lokaci da wuri kawai yake yi.

Ingila ta bi ta wannan hanya shekaru 130 da suka wuce. A 1890 ƙungiyar masu keke ta ƙasar ta hana tsere a kan hanyoyin jama'a, don gudun kada gwamnati ta fusata ta takura wa duk mai keke. Wasu ba su bari ba. A 1894 wani ayari ya firgita dokin da ke jan keken wata mata a hanyar da ta yi arewa daga Landan, 'yan tsere suka zube, matar ta kai ƙara, 'yan sanda suka tsananta. Sai wani ɗan tsere mai suna Frederick Bidlake ya zo da dabara: tunda ayari ne matsala, a kawar da ayarin. Kowa ya tashi shi kaɗai, a bar tazara tsakaninsa da na bayansa, agogo ya raba gardama. An yi irin wannan gasa ta mil 50 a watan Oktoba na 1895, da sassafe, kuma ta zama ginshiƙin wasan a ƙasar na tsawon shekaru. Sai a 1942 Percy Stallard ya dawo da tashin bai-ɗaya a kan hanya, da yardar 'yan sanda, a 1960 kuma aka yi dokar da ta tsara yadda za a sanar da hukuma makonni kafin kowace gasa. Da kiɗa ya sauya, sun sauya rawa, wasan bai mutu ba.

Tseren agogo shi ne mafi araha da Kano za ta iya farawa da shi. Agogo biyu, takarda da biro, da lambar da za a maƙala wa kowa a baya, sun wadatar. Mutum 60 da ke tashi minti-minti sun gama tashi cikin sa'a guda. An hana fakewa a bayan wani, don haka babu cincirindo, babu faɗuwar mutum goma a kan juna. Sabon shiga ba ya tsoron a ture shi, kuma in bai ci kofi ba yana da lokacinsa na watan jiya da zai yi ƙoƙarin karyawa. Ana iya ware rukunin masu keken kasuwa mara giya, a ware na yara, a kuma yi na 'yan mata ɗalibai a harabar makarantarsu ba tare da turereniya ba. Amma kada a yaudari kai. Mai tseren agogo kan sunkuyar da kai don kauce wa iska, kuma agogo ba ya tare motar da ta taho ta baya. A Kano wannan salo ma yana bukatar rufaffen hannu. Sauƙinsa shi ne hannu ɗaya na kilomita biyar, a je a dawo, ya isa.

A nan ne doguwar gadar sama da ta bi ta kan titin Murtala Muhammed, a gefen Sabon Gari, ta cancanci a duba ta. Mashiganta kaɗan ne, babu shago ko lungu a kanta, kuma in an rufe ta na sa'a biyu motoci na da hanya a ƙasa. Ba wurin ayari ba ce ko kusa, domin wanda aka ture a bakin gada ba kwata zai faɗa ba. Ko tseren mutum ɗai-ɗai ma sai injiniyoyi sun duba tsawon katangar gefenta da mahaɗan kwaltarta sun ce ta yi.

Masu son kafaɗa-da-kafaɗa kuma a ba su tseren zagaye. A zaɓi da'irar kilomita biyu, a rufe ta gaba ɗaya, a zagaya sau 20: an yi kilomita 40, daidai da zuwa Wudil, ba tare da an haɗu da tirela ko guda ba. Wajen zaɓen wuri, ƙofofi da mahaɗu ake ƙirgawa, ba tsawo ba. Shi ya sa unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fi Sabon Gari dacewa ranar Lahadi: dogayen katangu, ƙofofi ƙalilan, mafi yawansu a kulle. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, lokacin hutu kuma da izinin jami'ar, na da irin waɗannan tituna. A da'ira irin wannan, jami'ai ashirin na iya tsare kowace kafa, motar asibiti ba ta taɓa yin nisan da ya wuce kilomita ɗaya daga wanda ya faɗi, alƙali na ganin kowa a kowane zagaye, wanda aka riga aka zagayo aka cim masa kuma a fitar da shi kafin ya zama tarko. Ɗan kallo zai ga gasar sau 20 maimakon gilmawa ɗaya, mai rake da mai awara su yi ciniki, wanda ya ɗauki nauyi kuma a ga tambarinsa.

Da'ira na da nata haɗarin, a kan kwana da kuma wurin ƙarewa. Dole a share yashi tun daren jiya, a rufe bakin magudana, a ɗaure buhunan ƙaiƙayi ko tsofaffin katifu a jikin turakun lantarki, a kuma katange mita 200 na ƙarshe da shingen da ba zai tarwatse ba. Fabio Jakobsen na Holan ya kusa rasa ransa a gasar Folan ta 2020 saboda an sa ƙarshen tseren a gangara, shingen kuma ya watse da ya daka shi. Kada a wuce mutum talatin a tashi guda, a kuma raba su bisa shekaru da ƙwarewa. Ana iya aro dabarar Ostireliya, inda gasar Melbourne zuwa Warrnambool da aka fara a 1895 ta shafe shekaru tana sakin masu ƙaramin ƙarfi da farko, gwanaye su biyo baya suna farautarsu. Wannan na tsinka ayari ƙanana-ƙanana, yana kuma ba kowa ran cin gasa.

Akwai ma tseren da ba ya bukatar kwalta. A ƙauyukan Sikotilan da arewacin Ingila an fi shekara ɗari ana kafa turaku da igiya a filin ciyawa, a fitar da da'irar mita 400, a yi tsere a kai. Gudu ba ya yawa, wanda ya faɗi kuma ƙasa ya faɗa. Filin ƙwallon kowace sakandare a Fagge ko Nassarawa zai iya ɗaukar wannan, haka ma Filin Sukuwa. Filin tseren keke da aka gina a Abuja don wasannin Afirka na 2003, wanda ya karɓi gasar nahiyar a 2022, ya yi wa yaron Kano nisa. Filin makarantarsu kuwa da ƙafa zai je. Bayan girbi, hanyoyin gona na wajajen Minjibir da Dawakin Tofa na iya ɗaukar gasar burji, nesa da manyan motoci. Ita ma ba a shigar ta da ka. Sule Kangangi na Kenya ya rasu a irin wannan gasa a jihar Vermont ta Amurka a Agustan 2022, kuma duk nisan da aka yi daga tirela, nisa ne daga asibiti.

Masu cewa ba a iya rufe titi a Kano ba su kalli Kano da kyau ba. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsayar da zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe don tsaftar muhalli. Kowace Juma'a ana toshe titunan da ke gaban manyan masallatai. A al'ada, Hawan Nassarawa na ratsa Sabon Gari da Fagge da ɗaruruwan dawakai, kuma kowa ya san ranar da hanyar tun kafin ta zo. Garin da ya iya wannan ya iya rufe kilomita biyu na sa'a uku. Kigali ta fara ware safiyar Lahadi babu mota a wasu manyan titunanta tun 2016, a Satumbar 2025 kuma ta zama birnin Afirka na farko da ya karɓi gasar tseren keke ta duniya a kan titi. Bogota ta Kolombiya na yin haka tun 1974, yau tana rufe sama da kilomita 100 duk Lahadi. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987.

Rufe titi rabin aiki ne, saura keken kansa. Mafi yawan kekunan tsere da ke hannun matasa na gwanjo ne, ba wanda ya san karon da suka sha kafin su iso. Ya kamata a zaunar da gogaggen mai gyaran keke a bakin wurin tashi, kowane keke ya bi ta hannunsa. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya, in ya ji ƙwas-ƙwas a wuya ya san akwai sako-sako. Ya duba robar birki ko ta cinye, ya bi wayar birki da yatsa ko ta fara tsintsinkewa. Ya ɗaga keken ya juya taya ya ga ko tana rawa, ya danna wayoyinta biyu-biyu, ya leƙa gindin ƙafar gaba ko fenti ya tsage, domin tsagewar fenti a nan sau da yawa tsagewar ƙarfe ce. Ya murɗa sirdi da kan keke da ƙarfi. Wanda ya ce bai yi ba, bai yi ba, ko ɗan wane ne. Masu wannan sana'a suna nan a kewayen kasuwa, kuma ladan safiya ɗaya bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba.

Hular kwano kuwa ba abin ciniki ba ce: babu hula, babu lamba. Bincike da dama sun nuna tana rage munanan raunukan kai da fiye da rabi. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa, kuma hular gwanjo da ta taɓa tsagewa ta gama aikinta. Wanda zai ba da kofi da buhun shinkafa, gara ya fara sayen huluna talatin da za a riƙa arawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a busa usur a san motar asibiti na wurin da ma'aikacin jinya a ciki, a san hanyar da za ta bi zuwa Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, a kuma sanar da asibitin tun jiya. A rubuta lambar wayar ɗan'uwan kowane ɗan tsere a bayan lambarsa, a ƙirga su a tashi, a ƙirga su a sauka. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a tashi da sassafe a gama kafin hantsi. In hazo ya sauko har direba ba ya gani sosai, ko ruwa ya kwana a kan kwalta, a ɗage. Masu shirya babbar gasar 'yan sha'awa ta Cape Town a Afirka ta Kudu, mai tara dubban mutane, sun soke ta 2017 a safiyar ranar saboda iska, ba su kuma ji kunya ba.

Akwai masu ƙorafi na gaskiya. 'Yan wasan da ke hanƙoron wakiltar jiha a Gasar Wasanni ta Ƙasa za su ce doguwar hanya ita ce ainihin tsere, kuma ba a koyon ta a da'ira. Suna da gaskiya, shi ya sa ya dace a yi babbar gasar hanya sau ɗaya ko biyu a shekara, 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra su rufe hanyar gaba da baya, ba kuma mai shiga sai wanda ya yi gasannin zagaye aka shaidi hannunsa. 'Yan kasuwa da direbobi za su ce an tare musu hanyar abinci. Su ma suna da gaskiya, amsarsu kuwa ita ce a zauna da shugabanninsu tun da wuri, a sanar a gidajen rediyo, a buɗe titi a kan lokacin da aka yi alkawari. Wasu kuma za su ce ai rai na hannun Allah. Haka ne, babu mai musu. Amma malaman garin nan ba su taɓa koyar da cewa tawakkali shi ne barin sababi ba, kuma wanda ya tara 'ya'yan mutane ya ɗora su a hanya, amana ya ɗauka.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin shafi guda na takarda ba. Ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ta kira KAROTA, da 'yan sanda, da Hukumar Kiyaye Haɗurra, da ƙungiyar masu tseren keke, da wakilan 'yan kasuwa da direbobin adaidaita sahu, su rubuta ƙa'ida: a nemi izini mako huɗu kafin gasa, a kawo taswirar hanya da adadin mahaɗu da sunan wanda zai tsaya a kowace, babu tashin bai-ɗaya a buɗaɗɗen titi, babu babur a cikin gasa sai na alƙali da na agaji. Ita kuma gwamnati ta yi nata: ta ware da'ira guda, safiyar Lahadi guda a kowane wata, wadda kowace ƙungiya za ta iya nema ba tare da kuɗi ya hana ta ba. Attajiran Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da ake kai wa takardar neman tallafi su ma suna da ta cewa. Kafin su sa hannu a aljihu, su tambayi mai takardar wa zai rufe titin, ina motar asibiti za ta tsaya, kuma yara nawa ne za su hau babu hula. Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018, ta isa zama wa'adin gasar farko a ƙarƙashin wannan ƙa'ida.